Zurfi Suke So

Kawunta Tasi'u ne ya zo da su daga hanyar Damagaram,
su biyu a gwangwanin madara mai huji shida.
Uwarta ta leƙa ta ce, ɓera dai ɓera ne.
Iklima ta ce a'a, na rairayi ne, ba na kwata ba,
dubi tuntu a bakin wutsiya,
dubi cikinsu fari fat.
Na ce to, ko ba komai
yau farin ciki ya shigo gidan nan da ƙafa takwas.

Daren farko, kwalin taliya.
Kafin ladanin Kurna ya gama gyaran murya
sun fitar wa kwalin ƙofa da taga.
Ɗaya muka tsinta cikin takalmina,
ɗayan a bayan buhun masara, yana ƙidaya.

Dare na biyu, bahon roba.
Ashe haƙorinsu ba ya hutun Juma'a.

Ran Asabar na shiga Kurmi.
Mai keji ya ɗago mini wani na waya, fenti kore,
har da 'yar lilo a ciki.
Ya ce, kanari ya zauna a irinsa shekara tara yana waƙa.
Na ce, nawa ba sa waƙa, tono suke.
Ya ce, to kai rijiya kake nema, Malam, ba keji ba.
Duk da haka na saya, kunya ta hana ni ajiyewa.
Kwana uku Gyaɗa tana gurzar waya
har gashin hancinta ya zube,
Tsinke yana haƙar ƙarfe da hannu bibbiyu
kamar mai neman abin da ya binne a wata ƙasa.
Iklima ta daina cin tuwo.

Wani mai yankan gilashi a Sabon Gari,
Ukashatu, yatsunsa duk tabo,
shi ya saurare ni har ƙarshe bai yi dariya ba.
Ya jawo tsohon akwatin kifi daga ƙarƙashin tebur,
kamu biyu tsawonsa, ya tsage a kusurwa.
Ya ce, ruwa ba zai riƙe ba, amma zai riƙe ƙasa.
Murfi na raga, don iska.
Kada ka sa shi a rana, gilashi tanda ne.
Kuma ka cika shi, Malam, ka cika,
faɗi na masu kallo ne,
su zurfi suke so.

Na ɗebo dusar katako a Na'ibawa,
harawa damƙi guda, yashi a kwanon sha don wanka,
tsagin tulu ya zama zaure.
Na auna inuwa da safe, na sake aunawa da la'asar,
ni da na yi ƙaura sau biyar cikin shekara goma sha ɗaya,
Dorayi, Rijiyar Lemo, Bachirawa, wani lungu da ba na son suna,
ban taɓa tambayar dillali ina rana take faɗuwa ba,
nawa ne kawai, kuma yaushe zan biya.

Muka sake su bayan isha'i.
Suka tsaya kan ƙafa biyu, suka shaƙi kusurwa huɗu,
sai dusa ta fara tashi.
Da gari ya waye babu kowa a sama,
sai hanya ɗaya siririya jikin gilashi
ta gangara, ta lanƙwasa, ta ɓace.

Iklima ta manna goshi ta ce,
Baba, yanzu fa ba na ganinsu.
Na ce, shi ne gida.

Da azahar mai gidanmu ya turo yaro da takarda.
Na ninke ta huɗu, na ɗaga ragar, na jefa musu.
Na dai san abin da ke ciki,
su kuma suna bukatar shimfiɗa.