Masha-Rana a Mabera

Wuta ta ɗauke tun hantsi,
muka ja benci gindin dogon yaro.
Jabbi ya zo da littafin zanensa,
bangon kwalin madara, ɗinkin zaren buhu.
A shafi na uku ga gwarzon da ya ƙirƙiro:
Masha-Rana, mai buɗe baki da azahar
ya kurɓe zafin Sakkwato kamar fura,
da dare ya furzar, unguwa ta haskaka.

Sahabi mai gyaran sola ya karkace hula:
"To ina shika aje ta?
Batir in ya ƙoshi kumbura shikai, ya yi wari.
Ɗan Adam ba shi da fis a ciki."

Malam Labbo, shekara ashirin yana koyar da kimiyya,
ya share ƙasa da tafi, ya ja lissafi da tsinke:
faɗin baki kaza, hasken da ke faɗa masa kaza.
"Ko ya wuni a hangame,
abin da zai tara ba ya tafasa shayi."

Modi mahauci bai san lissafi ba, ya san nama.
"Ku bar batir. Hantarsa nika ji.
Kwana biyu ta zama kilishi."

Aka yi dariya, aka koma musu.
Wai fatarsa ce ke sha, ba baki ba.
Wai da damina yaya, in hadari ya rufe Rima?
Wai in yana azumi, shan rana na karya shi?
Nan Malam Labbo ya ajiye tsinke,
ya ce wannan ba fanninsa ba ne.

Ni dai yaron nake kallo.
Yana ta murza gefen takarda da yatsa
har sai da aka tambaye shi.
Ya ce bai san inda zafin ke zuwa ba.
Ya buɗe shafin ƙarshe:
wata mata a bakin Kara da tiren albasa,
ba rumfa, ba laima,
gwarzon tsaye bisa kanta, baki buɗe,
inuwa ta sauko mata har ƙafa.

Mun san tiren. Mun san gyalen.

Sahabi ya yi tari, ya karɓi biro,
ya zana wa gwarzon ƙaramin fis a ƙirji.
"Don kar ya ƙone," in ji shi.