Gwangwanayen Inna Daso

Bayan sadakar bakwai aka miƙo mini makullin ɗakinta,
wai ni ne mai kemis, ni na san magani.
Ƙarƙashin gado na tarar da su,
gwangwanayen madara goma sha uku,
tsatsa ta ci bakinsu,
ba rubutu ko ɗigo a jikin ɗaya.

Inna Daso ba ta taɓa riƙe alƙalami ba.
Hancinta ne littafinta.
Yaro ya shigo yana tari,
ta laluba a duhu, ta sansana, ta ce wannan ne.
Ni kuwa, Bappayo mai farar riga,
mai shago a bakin tashar Bajoga,
na buɗe na farko, gari.
Na buɗe na biyu, gari.
Duk launin ƙasa, duk shiru suka yi mini.

Na zuba su a buhun siminti
na kai wa Goggo Petel can gangaren kogi,
ƙawarta tun suna tallar nono.
Yana ta rufe mata ido shekara tara,
amma ta karɓa kamar mai karɓar jika.

“Sabara ce. Ta ciki mai murɗa.
Wannan ɓawon marke, na tarin da ya ƙi kwana.
Kai, rufe wancan! Maɗaci ne,
ɗacinsa ya riga shi zuwa.
Citta da kanumfari, na mura in damina ta sauka.
Bagaruwa, a kurkure in dasashi na jini,
a tofar, ba a haɗiya.
Tazargade.
Da shi aka yi maka hayaƙi kana wata huɗu,
kana ihu kamar an taka wutsiyar akuya.”

Ina rubutawa a bayan rasit,
hannuna na rawa, tawada na gudu.

Na goma sha biyu ta daɗe a kansa.
Ta shaƙa, ta taɓa da harshe, ta kau da kai.
“Ban san shi ba. Kai shi kogi.
Abin da ba ka san sunansa ba
kar ka haɗa shi da cikin ɗan mutum.
Ita ma haka za ta ce.”

Saura ɗaya, mara nauyi.
Ta girgiza shi kusa da kunne,
wani abu ya yi ƙaras-ƙaras a ciki.
“Wannan ba daga daji ya fito ba,” in ji ta.

Na buɗe.
Fankon ƙwayar hawan jini ne,
wadda nake kai mata kowane farkon wata
tana harara ta, tana cewa
zoɓo ba sukari da ganyen zogale sun ishe ta,
in kai wa masu tsoron mutuwa.
Ga su nan a ninke, ɗaure da zaren buhu,
shekara shida cif,
kowane gurbi an ɓalle,
ko ƙwaya ɗaya ba ta tsallake ba.

Goggo Petel ta yi dariya har da hawaye.
“Bayan asuba take sha, in ta idar da lazimi.
Ta ce kar in faɗa maka,
kar kanka ya kumbura.”

Yanzu a shagona, can saman kanta,
sama da kwalaben sirop,
akwai gwangwanaye goma sha ɗaya, kowanne da suna.
Ba na sayarwa ba ne.
In tsohuwa ta shigo tana raina ƙwayata
sai in sauko da na citta in buɗe mata,
mu yi hirar mura da damina,
in auna jininta muna cikin magana,
in ƙulle mata nata a leda.

Ta karɓa tana tsaki.
Ni dai ba na cewa komai.