Shafin Ƙarshe a Littafin Malam Haladu

A shagon ƙungiyar manoman riɗi, bayan tashar Kaugama,
akwai wata tsohuwar kwamfuta marar linzami.
Fuskarta baƙa ƙirin, rubutunta kore shar
kamar tsiron gero bayan ruwan shuka.
Ba hoto, ba ado. Layi da gida, gida da lamba.
Da yatsa kaɗai ake mata magana.

Malam Haladu ya riƙe ta shekara tara.
Da hawan jini ya kwantar masa da hannun dama,
sai ya miƙo mini littafinsa mai bangon leda:
shafin shigar da kilo, shafin tara kuɗi, shafin jera sunaye.
A na ƙarshe ya rubuta "Tarkace", ya ja layi biyu.
Na ce, Malam, tarkace kuma?
Ya ce, marasa dangi ne, na rasa inda zan sa su.
Riƙe su dai. Ranar wuya su za ka nema.

Alamar tambaya ce a sama.
Ka danna, allo ya tuna maka abin da ka manta,
ba ya dariya, ba ya kai labarinka majalisa.
Sau goma sha ɗaya na taɓa ta a ranar farko
tun ba a kira azahar ba.

Kwantirol da L.
In batirin sola ya yi sanyi da la'asar,
lambobi suka hau juna kamar awaki a motar kasuwa,
shi ke share fage, kowa ya koma mazauninsa.
Ba ya ƙara kwabo, ba ya ragewa.
Wanke ido ne kawai.

Sai harafin nan mai naɗe wutsiya
da Malam ke ce wa katantanwa.
Aikinsa sake lissafi.
Ranar da aka bugo waya daga Maigatari
cewa farashi ya karye,
gida ɗaya na canza, na danna shi,
gidaje ɗari da ashirin suka durƙusa tare.
Buhu ukun Inna Ladidi, da ta ci wa burin kwanon rufi,
suka koma kuɗin rabin ɗaki.
Tana tsaye a taga, tana kallon bakina.
Na duba shafin sama da ƙasa,
babu maɓallin da zai faɗa mata a madadina.

Can kusurwar hagu akwai wani, rubutunsa ya goge.
A gefensa Malam ya rubuta: Fasa.
Wani dare Barau dillali ya shigo da tsire a takarda,
ya zauna kan sikeli, ya ce ai sifiri ɗaya ne,
wa zai ƙirga, wa ya iya karatun wannan aljana in ba kai ba?
Ba zan yi ƙarya ba, na buga sifirin.
Ɗan ɗigon haske yana ƙifta mini ido a bayansa,
yana jira, kamar yaron da aka aika bai ji saƙo ba.
Injin niƙan maƙwabta ya yi shiru.
Ɗan yatsana na hagu ya tafi kusurwa shi kaɗai.
Layin ya koma fayau.
Barau ya naɗe tsirensa ya fita, ko sallama babu.

Na ƙasa duka shi ne Q, ƙofar fita.
Ba ya sakin ka sai ya tambaya:
abin da ka yi yau, a adana?

Jiya na je gaida Malam.
Yana kishingiɗe a zaure, bakinsa ya ɗan karkace.
Na ba shi labarin farashi, ban ba shi na Barau ba.
Ya daɗe yana dubana.
Hannunsa mai lafiya yana kan tabarma,
ƙaramin yatsan yana taɓa kusurwa,
yana taɓawa,
yana taɓawa.