Ajina Ranar Zaɓe

Wata uku kwaɗo na ƙofar aji huɗu.
Yau Asabar sun fasa shi da guduma,
ba don yara ba. Don akwati.

Na bi layi a Kurna da katina,
baƙo a ɗakin da na share shekara sha tara.
Allo na nan yadda na bar shi:
"Idan buhun wake dubu arba'in ne,
nawa Tasi'u zai biya na uku da rabi?"
Ba wanda ya goge, ba wanda ya amsa.
Farashin ma ya riga tambayar tsufa.

Waken ma ina yake?
Motar ƙanina Haladu na kwance a Maigatari
tun kafin azumi, an gitta mata ƙarfe.
Can sun ce takarda, nan sun ce umarni daga sama,
ƙwari kuwa ba su nemi izinin kowa ba,
suna cin jarinsa buhu-buhu,
shi yana Dawanau kan benci yana ƙirga kwana.

Mai neman kansila ya iso cikin farar shadda,
Sagiru, da na koya wa rubuta sunansa
a kujerar baya mai ƙafa uku, wadda bulo ya tallafa.
Ya durƙusa: "Malam, a sa albarka."
Yaransa suka miƙo taliya biyu da sabulu a leda.
Na ce, "Albashinmu fa?"
Ya ce, "Da zarar mun hau..."
Da zarar. Kalmar nan ta girme ni a makarantar nan.

Ban karɓa ba.
To, na karɓi sabulun.
Barira ta ce kada in komo mata da girman kai zalla,
ba ya kumfa.

Na dangwala. Tawada ta zauna a yatsa
inda alli ya saba kwana.
Da la'asar malamin zaɓe ya rasa inda zai rubuta sakamako,
ya ɗauki tsumma ya nufi allona.
Na ce, "Samari, bar mini layi biyun nan."
Ya dube ni, ya bari.

Yanzu lambobinsu na sama,
ɗari biyu da sha ɗaya, casa'in da shida,
a ƙasa Tasi'u na tsaye da kuɗinsa a hannu
yana jiran Litinin ɗin da ba a sa mata rana ba.

Kafin magariba maigadi ya sayo sabon kwaɗo.