Tagar Rijiyoyi

Ƙarfe uku na rana a Kusiri,
fanka na tuƙa zafi kamar tuwo,
na buɗe taga.
Ba wadda ke kallon Logon ba,
waccan ta masu wanki ce da kwale-kwale.
Wannan ta cikin kwamfuta ce, faɗin tafi biyu,
inda rijiyoyi ɗari takwas da sha biyu
suka dunƙule suka zama ɗigo-ɗigo
da zare a tsakaninsu.

Shekara biyu Barkindo na bin su a kan babur,
yana auna zurfi, gishiri, laka,
da ranar da guga ya fara jin ƙasa.
Ni nawa zama ne a inuwa
da linzami a hannu.

Kada ka ɗauka taswira ce.
A nan Makari kan jingina da Zina
ko da yini guda ne tsakaninsu a mota,
don ruwansu ɗanɗano ɗaya.
Zumuncin nan ba a ƙafa yake ba,
a kamanni yake.

Na murza, suka matso.
Na murza baya, suka koma ƙwayar gero.
Na kama ɗigo guda na ja,
sauran suka biyo shi suna karkarwa
kamar taru idan kifi ya taɓa gefe.

Can a kusurwa, wani shi kaɗai,
ba zare, ba maƙwabci.
Gabana ya faɗi. Na danna:
Afade, bayan makaranta,
zurfi mita arba'in da biyar.
Na kira Barkindo. Ya yi dariya har da tari:
"Huɗu da rabi ne, Tabawa!
Waƙafin ne ya faɗo daga babur."
Na mayar da waƙafi mazauninsa,
maraya ya sami dangi.

Saura zoben.

Tun safe yake nan, ɗigo na riƙe da ɗigo,
sun kewaye wani fili fari fat.
Na yanka bayanan sala goma, yana nan.
Sala ashirin, rassa suka karye,
ƙananan tsibirai suka ɓalle suka yi nasu wuri,
shi ko gezau.
Abin da ka canja wa tambaya
bai canja maka amsa ba,
ka ja kujera ka zauna kusa da shi.

Na shafa masa launin gishiri:
dabbare-dabbare, ba magana.
Launin zurfi: ya buɗe baki, ya fasa.
La'asar ta wuce, shayi ya huce.
Don dai in ce na gwada komai
na zaɓi watan awo.

Shuɗi a sama: Agusta, ruwa har wuya.
Kore na gangarowa ta dama,
lokacin dashen masakwa.
Ja a ƙasa: Afrilu,
igiya ta gaza, ana ƙulla mata ɗankwali.
Rawaya ta haura ta hagu da hadarin farko
ta kama hannun shuɗi.

Ashe shekara ce.
Shekara nake kallo daga sama
tana zagaye kamar saniya a turke.

Filin tsakiya kuma?
Na ɗauko rahoton bara, shafi na tara,
inda na rubuta da hannuna:
matsakaicin zurfi, matsakaicin gishiri.
Na nemi mazauninsa a taga.
Ya faɗa tsakiyar farin fili,
inda babu rijiya ko ɗaya,
inda ba a taɓa jefa guga ba.
Da wannan adadin aka sayi igiyoyi.

Wuta ta ɗauke. Fanka ta tsaya.
Batir ya ce saura minti tara.
Na adana hoton, na rufe,
na tashi na buɗe ɗaya tagar.
Wata yarinya na hawowa daga kogi
da jarka biyu,
a ja take tafiya.