Ja, Ja, Ruwan Ƙasa

Agali ya sauke amfilinsa a bakin rumfata
tun masu garwa ba su dawo daga famfo ba.
Ya ce, "Tsahiru, gurnani yake
kamar raƙumin da aka yi wa lodin zalunci,
ga biki gobe a Garin Malam."

Na kwance kusa shida, ɗaya ba tasa ba ce.
A ciki zanzaro ya yi gini,
ɗaki biyu na laka a jikin taransifoma,
ba haya, ba sallama.

Allon kore ne shar,
hanyoyin tagulla sun ratsa shi kamar lungunan Birni:
baƙo ya ɓace,
ɗan gari ma sai ya tsaya ya tuna.

Ban sa hannu ba tukuna.
Kwandansa riƙo gare ta.
Ko tun jiya aka zare waya, wutar tana ciki,
irin mutumin nan da ya ce ya yafe.
Ga tabo a babban yatsana, shekara tara.
Sai da na tatse fushinta ta ƙwan fitila.

Biyu sun kumbura, kai ya tashi kamar fanke,
ɗaya ta yi kuka har hawayen ya bushe.
Talatin da biyar aka rubuta a gefenta.
Mai rubutun bai san bazarar Damagaram ba,
bai taɓa jin tarin injin haya
a tsakar filin biki ba.
Hamsin zan sa.

A kasuwar Dole akwai na leda,
sababbi fil, dala ashirin-ashirin.
Na ɗora ɗaya a tafin hannu:
ɓawon gujiya.
Sunan kamfanin ma an cinye masa harafi.
Na wuce wajen Ɗan Jimma, wanda ba ya rantsuwa,
na ba da jika guda, ya ba ni biyu masu nauyi.

Dalma ta narke, hayaƙin ƙaro ya miƙe.
Na bi ƙafafun da hanyar Tanut ta girgiɗe,
ɗigo, ɗigo,
kowane sai ya yi sheƙi kamar idon kifi.

Saura wata ƴar ƙarama mai ɗamara uku,
ja, ja, ruwan ƙasa,
gefenta ya sha zafi ya yi duhu.
Mita ta ce ta kauce wa lissafi.
Na cire ta, na sa mai gaskiya.

Nan kuran ya tafi.
Muka sha shayi har na uku.

Bayan la'asar ya dawo.
Agali ya taɓa tsirkiya.
Gurnani babu, sauti garau kamar ruwan randa.
Na gyara zama ina jiran godiya.
Ya sake taɓawa, ya daɗe yana kallon ƙasa.
"Wannan muryar wani ce.
Ina ƴar dushewar nan tawa?
Da ita mutane suke gane ni daga bayan katanga."

Na zazzage gwangwanin sardin a kan tebur.
Tana nan, cikin guntayen waya,
ƙafa ɗaya a lanƙwashe.
Na miƙe ta da hantsaki, na mai da ita gurbinta.
Mita ba ta yarda ba.
Na kashe mita.

Da ya kaɗa, telan da ke maƙwabtaka da ni
ya ɗage ƙafa daga keke.

Ya biya rabi, rabi sai bayan biki.
Ina share tebur, zanzaro ya shigo
da laka a baki,
yana ta kewaya inda akwatin yake ɗazu.