Tabarau a Ƙasan Galma

Jikana Tanimu ya dawo daga Samaru
da tabarau mai roba, irin na masu nutso.
Ya ce, "Kaka, saka wannan,
yau ka ga ƙasan Galma tas, kamar tafin hannunka."
Na yi dariya. Shekara hamsin ina shiga
ido tsirara, numfashi ƙulle a ƙirji.
Wa zai koya wa kwaɗo hanyar ruwa?

A da, yaro, ba ido ke gani ba,
fata ke gani.
Karfasa ta goge ka a haƙarƙari ta wuce,
ƙurungu ya yi maka gunaguni daga raminsa
kamar maigidan da aka tasa tsakar dare.
Minjirya ta taɓa gaishe ni a cinya,
na kwana uku ina ɗingishi,
har yau in hadari ya haɗu ina amsa gaisuwa.

Akwai wani gurbi ƙasa da Dakace
inda saiwar giyayya ke shan ruwa.
Mukan ce masa Kasuwa.
In ka nutsa da hantsi, rana na tsaga ruwan,
kawara dubu na juyawa lokaci guda
kamar an watsa sulalla cikin duhu.
Can ƙasa giwan ruwa, shi kaɗai,
ba ya gudu, ba ya kallonka,
tsawonsa ya kai ƙyauren zaure.
Jatau ya bi shi damina bakwai,
ya mutu bai ɗora masa hannu ba,
bai kuwa tafi da haushi ba,
ya ce ganinsa kaɗai ma baiwa.

Na sa tabarau. Na nutsa.
Kai, gilashi bai san kara ba!
Ga baƙar leda na rawa jikin saiwa,
ga tayar babur, ga takalmi wari guda,
ga gwangwanin gamalin ya yi tsatsa, baki buɗe,
ga gidan sauro kwance bisa laka
mai idon da ko ƙwai ba ya tsere masa.
Kasuwa ta tashi, rumfuna babu kowa.

Ba zan ɗora wa baƙi duka ba.
Shekarar da Kande ta kwanta a Shika
kuɗin allura ya fi ƙarfin koma.
Na ɗinke gidan sauro biyu, na ja da dare,
na kwashe uwa, na kwashe 'ya'ya,
har waɗanda ba su kai farce ba,
na auna su da mudu kamar gero.
Kande ta tashi, alhamdu lillahi.
Kafin wata ya mutu maƙwabta sun ɗinka nasu.
Kowa da Kandensa, kowa da yunwa.

Yanzu a Sabon Gari kifi cikin kwali yake zuwa,
a daskare, ido fari,
ba shi da suna a bakinmu.
Ni kuwa sai wayar wani ta faɗa,
ko raga ta sarƙe,
ko, Allah ya kiyaye, yaro ya ɓace,
sannan ake tuna Barau da nutsewa.

Numfashi ya fara cizo, zan taso,
sai ga shi a inuwar tayar nan:
ɗan giwan ruwa, bai fi yatsana ba.
Ya tsaya cak. Bai gudu ba, bai kalle ni ba.
Halin gidansu.

Na fito. Tanimu na tsugune a gaɓa,
bayansa samari uku, raga a kafaɗa.
"Kaka, me ka gani?"
Na cire tabarau, na share fuska,
na ce, "Laka ce kawai. Ku koma gida."
Allah ya yafe mini wannan ƙarya,
ita kaɗai na taɓa mayar wa ruwa.